Wa Ya Dace Ta Aura? Masu Kallo, Masoya da Mugaye a Ƙagaggun Labaran Hausa

Muhawarar da masu karatu da masu kallo suke yi a kan wanda ya dace jarumar labari ta aura, da sha'awar da suke nuna wa mugun da ke cikin labarin, abubuwa ne da aka saba ɗauka a matsayin ɓata lokaci ko alamar raunin tarbiyya, alhali kuwa idan aka dube su da idon basira za a tarar suna daga cikin 'yan kafofin da samari da 'yan mata da matan aure suke samun damar tattauna sha'anin aure a fili ba tare da sun kama sunan kowa ba. A garuruwa irin su Kanya Babba da ke ƙaramar hukumar Ɓaɓura, da sauran garuruwan Kazaure da Roni da Gwiwa a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, inda kusan kowa ya san asalin kowa, kuma tsoma baki a auren gidan wani kan iya haddasa gabar da za ta kai ga jikoki, ƙagaggen labari yana ba mutum damar ya faɗi ra'ayinsa a kan auren dole ko auren kuɗi ko zaman kishi, ya kuma ji na maƙwabcinsa, sannan a tashi ba wanda aka ci wa fuska.

Wannan yanki yana cikin tsohuwar Jihar Kano har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, kuma har yau kasuwar Kano ce take ciyar da shi da abin karatu da abin kallo. A da littattafan soyayya ne suke zagayawa daga hannu zuwa hannu ko ta wurin masu ba da haya, daga baya kaset da faifan da ake sarowa a kasuwar Ƙofar Wambai suka shigo, yanzu kuwa wayar hannu ta haɗiye su duka, domin wanda ba shi da kuɗin data yakan je shagon masu turawa a loda masa fim ko littafin sauraro a memori da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta irin wannan hanya labarin da aka shirya a Kano yake tsallaka iyaka ya isa Magarya da Damagaram a Jamhuriyar Nijar cikin 'yan kwanaki. Abu biyu ne suka sa wannan yanayi ya haifar da abin da za a iya kira jama'ar masoya, wato mutanen da son labari guda ya haɗa su har suka zama suna da maganganu da barkwanci da rigingimu nasu na kansu. Na farko shi ne kallon ba na mutum ɗaya ba ne, domin waya guda takan tara matan gida bayan sallar isha'i, ko ta tara samari a teburin mai shayi. Na biyu kuma shi ne tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kuma kawo shirin Daɗin Kowa a 2015, fina-finai masu dogon zango suka zama ruwan dare, kuma kwanakin da ke tsakanin fitowar wannan mako da ta mako mai zuwa su ne filin da ake hasashe da gardama da ɗaukar ɓangare.

Mafi zafin wannan gardama ita ce ta haɗa masoya, wato mai kallo ya zaɓi mutum biyu daga cikin labari ya ƙudurta a ransa cewa su ne suka dace da juna, ya kuma ci gaba da kare wannan zaɓi ko da marubucin ya nufi wata hanya dabam. Abin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba, domin tun a Jiki Magayi, wanda John Tafida Wusasa ya rubuta tare da Rupert East, kuma yake cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933, an shimfiɗa tsarin da har yau ake tafiya a kansa. Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya aure ta, shi kuwa Abubakar ya bazama neman asirin da zai rama da shi, har ɗan da aka haifa a auren, Kyauta, ya tashi ɓarawo ya kuma zama ajalin mahaifinsa. Mai karatu yana farawa da tausayin Abubakar, amma kafin ya kai ƙarshe sai ya rasa wanda zai kira mugu tsakanin wanda ya ƙwace da wanda ya rama a kan yaron da bai ji ba bai gani ba, kuma wannan ruɗani shi ne ƙarfin littafin.

Kusan shekara sittin bayan haka Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, inda Sumayya take son talaka Muhammad, shi kuwa mai kuɗi Abdulƙadir ya bi ta wajen manyanta da abin hannunsa, har ƙunci ya kai ta ga faɗawa rijiya. Masanin ɗabi'un al'umma Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 a kan fina-finan Indiya da masoyan Nijeriya, ya nuna yadda masu karatu suke rubuta wa marubutan soyayya wasiƙu suna danganta labarin da halin da su kansu suke ciki, abin da ke tabbatar da cewa jama'ar masoya ta kafu a ƙasar Hausa tun ana dogara da gidan waya. Da Aminu Saira ya fara sakin Labarina a 2020 sai tsarin ya sake dawowa da sabuwar riga, domin wata Sumayyar ce, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta, ta tsinci kanta tsakanin Mahmud, matashi mai ilimi da natsuwa wanda bai tara abin duniya ba, da Presido, ɗan masu hali mai ji da kansa, ga kuma Lukman a gefe. Masu kallo suka rabu, kuma duk wanda ya saurari hujjojinsu zai gane cewa ba a kan mutanen cikin shirin kaɗai ake magana ba. Mai goyon bayan Mahmud yana kare ra'ayin cewa alkawari da hali sun fi dukiya, kuma sau da yawa yana kare matsayinsa ne na saurayin da yake tsoron ranar da wani mai mota zai tsaya a ƙofar gidan su budurwarsa. Mai goyon bayan Presido kuwa tana iya kawo hujjar da ba a cika yarda mace ta furta a zahiri ba, cewa talauci yana cinye soyayya, kuma mutumin da so ya sa ya sauya halinsa ya cancanci a duba shi.

Akwai wani abu da ya bambanta wannan gardama a ƙasar Hausa da takwararta ta ƙasashen Turai da Amurka, shi ne cewa idan namiji ne a tsakanin mata biyu, marubuci yana da mafitar da marubucin can ba shi da ita, wato ya aura masa su duka. Sai dai wannan mafita ba ta kashe gardamar, tana mayar da ita cikin gida ne kawai, inda masu karatu suke rabuwa zuwa 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya, kowane ɓangare yana ƙirga kurakuran ɗayan shafi bayan shafi. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, ya samu karɓuwa ne saboda ya tsaya tare da Rabi, matar da mijinta Alhaji Abdu ya wulaƙanta ya kora bayan ya yi sabon aure, kuma matar da ta taɓa ganin irin wannan a gidansu ko a ɗakinta ba ta buƙatar a yi mata bayanin dalilin da ya sa take jin zafin labarin a jikinta.

Ba Hausawa kaɗai ne suka taɓa ƙoƙarin ƙwace alƙalami daga hannun marubuci ba. A Amurka, bayan Louisa May Alcott ta fitar da kashin farko na Little Women a 1868, 'yan mata sun yi ta rubuto mata suna neman ta aura wa jarumarta Jo abokinta Laurie, ita kuwa ta ƙi, ta aura mata wani malami Bajamushe da ya girme ta a kashi na biyu da ya fito a 1869. Tun kafin wannan, a Ingila, Samuel Richardson ya ga abin da ya tayar masa da hankali bayan fitowar Clarissa tsakanin 1747 da 1748, domin masu karatu da yawa sun kamu da sha'awar Lovelace, mayaudarin da ya lalata rayuwar jarumar, har wasu suka roƙi a shiryar da shi a ɗaura musu aure, abin da ya sa marubucin ya yi ta ƙare-ƙare a bugu na gaba don ya ƙara fito da muninsa fili.

Labarin Richardson ya kai ga tambayar da ta fi damun iyaye da malamai, wato dalilin da zai sa mutumin kirki ya ji daɗin mugu. Al'adar Hausa ta daɗe da amsa wannan tambaya a aikace, domin babu wanda ya fi Gizo farin jini a tatsuniya, alhali maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amanar abokin tafiya, kuma kakannin da suka yi ta ba jikokinsu labarinsa ba su taɓa tsoron cewa yaran za su tashi mayaudara ba, saboda sun san yaro yana dariyar wayon Gizo ne yana kuma jiran ranar da asirinsa zai tonu. Haka Abubakar Imam ya yi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a Ruwan Bagaja, wanda shi da Alhaji Imam suke ta ƙulla wa juna sharri daga gari zuwa gari, har ya zama da wuya a sami wanda ya karanta littafin a makaranta ya manta da Zurƙe, ko da ya manta dalilin da ya sa aka fita neman ruwan. Da fina-finan Indiya suka mamaye gidajen silima na Arewa sai aka sami bos, wato babban mugun da jarumi zai kara da shi a ƙarshe, kuma masu kallo sun riƙe Gabbar Singh da Amjad Khan ya fito a matsayinsa a Sholay na 1975, da Mogambo na Amrish Puri a Mr. India na 1987, kamar yadda suka riƙe jaruman, har ma suka yi wa Sanjay Dutt laƙabin Ɗan Daba Mai Lasin cikin sha'awa. A Kannywood Shu'aibu Lawan Kumurci ya yi suna da fitowa a mugu, Sani Mu'azu ya ba Bawa Maikada na Kwana Casa'in irin kwarjinin da ya sa ake gane gurɓataccen ɗan siyasa da ganinsa, Rabi'u Rikadawa ya mayar da Baba Ɗan Audu na Labarina dattijon da ake tir da halinsa ana kuma maimaita maganganunsa, ita kuwa Aisha Najamu girman kan Hajiya Nafisa a Izzar So ne ya ɗaga ta har sunan shirin ya manne wa nata.

Dalilan wannan sha'awa ba ɓoyayyu ba ne. Mugu shi ne yake motsa labari, domin shi yake ƙulla abin da sauran za su yi ta fama da warwarewa, kuma shi aka yarje wa ya faɗi abin da kunya take hana jarumi faɗa, saboda haka sau da yawa a bakinsa marubuci yake zuba mafi daɗin zance. Bayan haka akwai yabon gwaninta, domin wanda ya ce Rikadawa ya iya mugunta yana yabon ɗan wasa ne da ya san aikinsa. A wani bincike da Rebecca Krause da Derek Rucker na Jami'ar Northwestern suka wallafa a 2020, sun gano cewa mutane sukan karkata ga mugun labari da suke ganin yana da wani kamanni da su, alhali a rayuwa ta zahiri guje wa irin wannan mutum suke yi, kuma bayanin da suka bayar shi ne sanin cewa labarin ƙage ne yana ba mutum kariyar da zai leƙa ɓangaren halinsa da ba ya so ba tare da ya ji mutuncinsa ya taɓu ba.

Masu sukar waɗannan labarai ba su taɓa yin shiru ba, kuma ba daidai ba ne a ɗauka duk damuwarsu ta banza ce. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu tsakanin Ibrahim Malumfashi, wanda ya yi wa littattafan laƙabin Adabin Kasuwar Kano yana ganin ba su da nauyin da zai sa su ɗore, da Abdalla Uba Adamu, wanda ya kare su a matsayin madubin sauyin da al'umma take ciki. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, a 2007 kuma, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona wasu littattafan a bainar jama'a. Raunin irin wannan mataki shi ne yana auna labari da abin da aka nuna a cikinsa, bai damu da matsayin da labarin ya ba abin ba, alhali nan ne gizo yake saƙar. Mugun da labari ya kira mugu, ya bar mai kallo ya ji daɗin wayonsa sannan ya ga sakamakonsa, ba shi da wani hatsari da ya wuce na tatsuniya. Wanda ya cancanci a sa masa ido shi ne mugun da aka sanya wa rigar jarumi.

Irin wannan jarumi ya yawaita a littattafan da ake sakawa a WhatsApp da Facebook da manhajar Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, inda aka fi saninsa da miskili, wato namiji mai dukiya da kyau da ƙarancin magana, wanda aka yi wa auren haɗi da yarinya ƙarama ko 'yar talakawa, ya yi ta gallaza mata da tsawa da wulaƙanci, wani lokaci har da duka ko tilasci a shimfiɗa, sannan a ƙarshe a bayyana cewa duk so ne yake ɗawainiya da shi bai san yadda zai furta ba. Janice Radway, wadda ta yi nazarin mata masu karanta littattafan soyayya a Amurka ta kuma wallafa sakamakon a 1984, ta lura da wannan dabara, ta yadda labari yake koya wa mai karatu ta sake fassara rashin tausayin namiji a matsayin ɓoyayyiyar ƙauna. Babbar mace da ta san rayuwa tana iya karanta irin wannan don nishaɗi ta ajiye, kuma ba hurumin kowa ba ne ya tuhumi tarbiyyarta a kan haka. Amma a karkarar da ake aurar da yarinya da ƙuruciyarta, kuma nasihar da take rakata ɗakin miji ba ta wuce haƙuri ba, labarin da yake yi mata alkawarin cewa mai cutar da ita zai rikiɗe ya zama masoyi idan ta ƙara jurewa yana ɗora nauyi ne a kan wanda al'ada ta riga ta ɗora. Abin lura shi ne jama'ar masoya su ne suka fi kowa iya kama wannan, domin a cikin muhawararsu ne ake jin wata ta ce ba ta yafe wa jarumin ba ko da jarumar ta yafe, wata kuma ta nemi marubuciya ta raba auren, kuma wannan tankiya tana yin aikin da ƙona littafi ba zai taɓa yi ba.

Inda jama'ar masoya take kuskure a fili shi ne wurin kasa raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Tun a 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka bayyana irin alaƙar da mai kallo yake ƙullawa da wanda yake gani a allo, alaƙa ta gefe guda wadda mai kallo yake jin ya san mutumin ciki da bai alhali shi bai san da zamansa ba. Idan wannan ta yi ƙarfi sai a ga ana zagin 'yar wasa a shafinta saboda makircin da ta yi a fim, ko ana matsa wa jarumi da jaruma lamba su yi aure a zahiri don sun dace a shiri, kuma mata ne suka fi ɗanɗana wannan, domin ana saurin ɗaukar rawar da mace ta taka a matsayin shaida a kan tarbiyyarta. Saɓanin Ali Nuhu da Adam A. Zango, wanda ya kai gaban kotu a Kano a 2019 kafin a sasanta su, ya nuna yadda zage-zagen magoya baya suke iya rura wutar da ta fi ƙarfin waɗanda ake yi dominsu. Ko da Nuhu Abdullahi, wanda ya fito a matsayin Mahmud, ya bar Labarina aka rufe babin Mahmud ɗin da mutuwa, daga baya kuma Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya bayan fitar Nafisa Abdullahi, wasu masu kallo sun ɗauki abin tamkar cin amana, suka sauke fushinsu a kan mutanen da aikinsu kawai suke yi.

Matsin ya fi tsanani a kan marubuciyar intanet, wadda take sakin labarinta shafi-shafi a zauren da masu karatu suka biya kuɗi kafin su shiga, ta kuma kwana da sanin cewa idan ta kashe wanda suke so ko ta aurar da jaruma ga wanda ba su zaɓa ba, wasu ba za su sayi littafinta na gaba ba. Alcott ta iya ƙin buƙatar masu karatunta saboda wasiƙa tana ɗaukar kwanaki kafin ta iso, ita kuwa wannan martani yana riskarta cikin mintuna, tun kafin ta rubuta shafi na gaba. Sai dai muryoyin da suke isa gare ta, ko suke isa ga mai shirya fim ta sharhin da ake rubutawa a YouTube, na waɗanda suke da data da wutar caji da saurin rubutu ne, galibinsu mazauna birane. Matar da take sauraron littafin a Kanya Babba ko Gwiwa daga memorin da aka loda mata a shago ba ta cikin ƙidayar masu kallo, ba ta kuma cikin zauren masu biya, saboda haka hukuncin da ta yanke a kan wanda ya dace jaruma ta aura yana tsayawa ne a tsakar gidansu, yayin da labaran suke ci gaba da karkata zuwa manyan gidaje da motoci da tafiye-tafiyen Dubai da masu sharhin birni suka nuna suna so.